Tambayoyin masu karatu: haɗa wa GameCube katin SD da soda

Tambayoyin wannan karon sun taru a kan tsofaffin na'urorin gem waɗanda idonsu ya gaji da karanta faifai, da yadda za a sa su ɗauki wasanni daga katin SD. Mafi yawa a kan GameCube ne, na'urar da kamfanin Nintendo ya fitar a 2001, don haka a kanta za mu daɗe.

Assalamu alaikum Malam. GameCube ɗina ba ta karanta faifai sai an yi ta fama. An ce ana iya haɗa mata katin SD da waya da dalma kawai, ba tare da wani cif ba. Gaskiya ne? In haka ne, wace ƙafa ke zuwa ina?

Wa alaikumus salam. Gaskiya ne, kuma dalilin mai sauƙi ne. Ramin memorin GameCube yana magana da kati ta wata hanya da ake kira EXI, wadda kusan ɗaya take da SPI, wata sananniyar hanyar aika bayanai tsakanin kayan lantarki, shi kuwa katin SD yana jin SPI tun asali. Wutar da suke aiki da ita ma ɗaya ce, bolt 3.3. Shi ya sa adaftar da ake sayarwa da sunan SD Gecko, in ka fasa ta, ba ka ganin komai a ciki sai layukan tagulla.

Amma kafin ka jona ƙarfen soda, kifa na'urar ka duba ƙasanta. Akwai murafu a wurin, ɗaya an rubuta masa Serial Port 2. Idan ka buɗe shi ka ga bakin jona abu a ciki, to ka huta: wata 'yar adafta mai suna SD2SP2 tana shiga nan kai tsaye, babu soda, babu kwance na'ura, kuma ramukan memorinka biyu suna nan yadda suke. Yawancin ƙirar DOL-001 suna da wannan baki. Ƙirar DOL-101 da ta fito a 2004 ba ta da shi, haka wasu DOL-001 na baya-baya. Masu irin waɗannan su ne soda ta kama.

Ramin memori ƙafa 12 gare shi. Ta 2 da ta 10 su ne GND, wato layin ƙasa da wuta ke komawa ta kansa. Ta 4 da ta 8 suna ɗauke da bolt 3.3. Ta 5 ita ce DO (bayanan da ke fita daga kati), ta 7 DI (masu shiga kati), ta 9 CS (ta kiran kati), ta 11 CLK (bugun da ke daidaita tafiyar bayanan). Ta 3 ba ruwanmu da ita. Ta 1 da ta 12 su ne na gane cewa an sa kati, za mu dawo kansu. Saura ta 6, kuma ita ce abar tsoro: bolt 5 ne a kanta, alhali katin SD bai wuce 3.6 ba. Ga ta kuma a tsakanin ta 5 da ta 7, waɗanda dole ka taɓa su. Ɗigon dalma guda ya haɗa ta da maƙwabciyarta, kati ya tafi.

A ɓangaren kati, abin da ya fi sauƙi shi ne robar nan da ake saka ƙaramin microSD a ciki don ya koma girman SD. Haƙoranta tara. Wanda ke kusa da yankakkiyar kusurwa, ya ɗan ja baya, shi ne na 9, ba na 1 ba; na 1 shi ne mai bi masa, a ci gaba da ƙirga har 8. Nan mutane da yawa ke zamewa, duk wayoyin su goce da gurbi ɗaya. Na 1 yana zuwa ƙafa ta 9 ta ramin. Na 2 zuwa ta 7. Na 3 da na 6 a haɗe su, su tafi ta 10 ko ta 2. Na 4 zuwa ta 8 ko ta 4. Na 5 zuwa ta 11. Na 7 zuwa ta 5. Na 8 da na 9 a bar su. Waya shida ke nan, sai 'yar gada tsakanin ta 1 da ta 12 ta ramin.

Kada ka dogara da hoto wajen gane wace ce ƙafa ta 1, domin hoton da aka ɗauka daga saman fanel da wanda aka ɗauka daga ƙasa juyin juna ne. Sa mitar auna wuta a saitin da take ƙara idan wurare biyu a haɗe suke, tsinke ɗaya a kan ƙarfen da ya lulluɓe fanel, ɗayan ka bi haƙoran ramin da shi. Biyu za su yi ƙara. Su ne ta 2 da ta 10: gefen da mai ƙarar ta fi kusa da ƙarshe, nan ƙafa ta 1 take.  Daga nan ka bi kowane haƙori da mita zuwa inda ya ɓullo a ƙasan fanel, ka rubuta a takarda.

Ramin B za ka yi wa aikin, ba A ba. Ramin A yana raba layinsa da cif ɗin da ke tayar da na'urar da kuma agogonta, ga shi kuma nan yawancin wasanni ke neman katin ajiya. B shi kaɗai ne a layinsa.

Shawarata dai, in kana da mataccen katin memori na GameCube, yi aikin a cikinsa. Fasa shi, ka cire cif ɗin da ke kan fanel ɗinsa, ka yi sodar wayoyin a kan layukan da suka taho daga haƙoransa. Haɗin ɗaya ne, ba ka kwance na'ura ba, kuma ran da ka so ka zare shi. Idan ka yi kuskure, katin da dama ya mutu ka ɓata.

Malam, ban taɓa soda a kan abu ƙarami haka ba. Wane kaya zan tanada, kuma zafi nawa?

Ƙarfen soda mai daidaita zafi da siririn baki, dalma mai kaurin milimita 0.5, fulaks (man da ke sa dalma ta kama), siririyar waya mai lamba 30 AWG, mita, da sinadarin isofurofil na goge fanel. Idan na'urar za ka buɗe, kusoshi huɗun da ke ƙasanta ba sa kwantuwa da sukudireba ta gida, sai wadda ake kira Gamebit mai milimita 4.5.

Dalma mai 63/37, wato haɗin kuza da gubar dalma (lead), tana narkewa a digiri 183, marar gubar kuwa sai wajen 217. Ta farkon ta fi wa ɗan koyo sauƙi. Saita ƙarfen tsakanin 320 da 350. Masu tsoron ƙona fanel sukan rage zafi, kuma wannan ne ke ƙona shi, domin dalma ta ƙi narkewa, mutum ya daɗe yana dannawa har layin tagulla ya ɗago. Zafi isasshe, daƙiƙa biyu zuwa uku, ka ɗaga.

Fara shafa wa bakin kowace waya dalma, ka shafa wa inda za ta zauna, sannan ka haɗa su da taɓi ɗaya. Feƙe wayar kada ya wuce milimita biyu. Robar adafta ita ce mai saurin narkewa: yi haƙori ɗaya, ka bar shi ya huce, sannan na gaba, kuma ka cire microSD ɗin tukuna. In robar ta yi laushi, siraran ƙarafan da ke cikinta suna gocewa, daga waje ba ka ganin komai amma kati ya daina taɓa su. Ka tanadi biyu ko uku.

Kafasito mai 100 nF tsakanin haƙori na 4 da na 3, dab da katin, yana hana wuta faɗuwa a lokacin da katin ya zuƙe ta da ƙarfi. Ba dole ba ne, amma yana kashe matsaloli da dama tun ba su taso ba. Wanda ya kwance har fanel kuma, kada ya kunna na'urar ba tare da ya mayar da ƙarfen sanyaya cif ba.

Gwaji na ƙarshe kafin kati ya shiga: na'ura a kashe, ka tabbata babu haƙoran da ke ƙara da juna sai na 3 da na 6. Sannan ka kunna ta, ka auna tsakanin na 4 da na 3. Ka ga 3.3 ko kusa da haka, madalla. Ka ga 5, kashe nan take.

Na gama haɗawa, na zuba wasanni a kati, na kunna. Ba abin da ya canja, tana ta neman faifai. Me na ɓata?

Wataƙila ba ka ɓata komai ba. Adafta hanya ce kawai, ita kuwa GameCube ba a ƙera ta da sanin katin SD ba. Manhajar da ke karanta katin ta jero maka wasanni ita ce Swiss, kuma dole wani abu ya fara tayar da ita. Ana yin haka da faifan Action Replay, wanda tsofaffinsa ba sa ganin katin da ya wuce 2GB. Ko da cif ɗin XenoGC da ake yi wa soda a jikin injin faifai. Ko da ɓataccen fayil ɗin ajiya na wasu wasanni da aka shirya don haka. Duka ukun suna bukatar ido mai aiki. Wanda idon na'urarsa ya mutu, PicoBoot ne mafitarsa: ƙaramin fanel na Raspberry Pi Pico da ake haɗawa da 'yan wayoyi kusa da cif ɗin tayarwa, da an kunna ya nemi fayil mai suna ipl.dol a farkon katin. Wato fayil ɗin Swiss ne za ka sake wa wannan suna. Zanen haɗinsa ya sauya tsakanin tsohon tsari da sabo, don haka bi zanen da ya zo tare da wanda ka ɗora.

Swiss tana tashi, amma ta ce babu kati a ramin B. Wani lokacin kuma ta gan shi, wasa ya fara, sai ya daskare.

Ciwo biyu ne. Rashin ganin kati gaba ɗaya, fara da gadar nan ta ƙafa ta 1 da ta 12. A cikin katin memori na asali waɗannan biyun a haɗe suke, da haka na'urar ke sanin an sa wani abu. Babu gadar, ko sauran wayoyin sun yi kyau kamar me, ramin a wurinta fanko ne. Bayan ita sai DI da DO, waɗanda ake yawan juyawa. Sai tsarin da aka yi wa katin fomat da shi: FAT32 ya fi lafiya, Swiss tana karanta exFAT, amma ba duk abin da ke tayar da ita ke karantawa ba. Iyakar 4GB ta FAT32 ba ta dame ka ba, tunda faifan GameCube 1.46GB ne. Katin 32GB yana ɗaukar kusan 20.

Akwai kuma masu amfani da fanel ɗin SD da aka yi don Arduino, ƙaramin fanel na masu harhaɗa kayan lantarki. Yawancinsu an gina su ne don bolt 5, suna da mai rage wuta a jiki. Ka ba shi 3.3, abin da zai kai ga katin bai fi biyu da 'yan kai ba, ƙasa da 2.7 ɗin da yake bukata. Cif ɗin da ke tsakanin layukansa kuma yana jinkirta saƙo. Nemi soket zalla.

Daskarewa a tsakiyar wasa kusan kullum tsawon waya ne. A babban saurinsa, wanda Swiss ta saba kira 32 MHz, layin CLK yana bugawa sau miliyoyi a daƙiƙa, kuma doguwar waya tana kwaso hayaniya ta ɓata bugun. Gwajin mai sauƙi ne: shiga saitin Swiss ka mayar da saurin rabi. In wasan ya daidaita, wayoyin ne. Rage su ƙasa da santimita 10, tsawonsu ya zo ɗaya, ka sa wayar GND ta bi gefen ta CLK, kuma ka nisanta su da fanka da layin wuta. Kada ka zauna a kan rabin saurin. Bit ɗaya ke wucewa a kowane bugu, wato 4MB a daƙiƙa a lissafin takarda; a rabi kuwa 2MB, alhali injin faifai yana kaiwa wajen 3MB. Nan ne bidiyon cikin wasa ke fara sarƙewa, sauti yana yankewa.

In duk wannan bai yi ba, canja katin. Na jabu, mai nuna girman da ba shi da shi, yana karɓar fayil lafiya, sai an zo karantawa a tarar da shara.

Bayan na yi sodar a ciki, zan iya ci gaba da sa memori a ramin B? Kuma a ina wasanni za su yi ajiya?

A'a, muddin microSD na ciki. Su biyun suna kan CS ɗaya, duk lokacin da na'urar ta kira sai su amsa tare a kan waya guda, saƙon ya rikice, kuma ajiyar da ke kan memorin na iya lalacewa. Sannan da yake gadar tana nan dindindin, na'urar tana ɗauka kullum akwai kati a B. In ka shiga shafin memori za ta yi ƙorafi a kansa, ka ƙyale ta, kada ka yarda da wani fomat. Ƙaramin makunni a kan gadar yana magance wannan, tare da zare microSD ɗin in za a sa memori. Ajiya kuwa, bar katin asali a ramin A, mai bulo 59 ne, 251 ko 1019. Swiss tana iya kwaikwayon memori a kan SD, amma katin gaske ya fi rashin rigima. Faifanka na asali kuma, tun idon bai ƙarasa ba, kwafe su zuwa katin da manhajar CleanRip.

Wannan dabarar tana aiki a PlayStation 2?

Tana da 'yar'uwa a can, sunanta MX4SIO, ana sa ta a rami na 2, a buɗe wasanni da manhajar OPL mai gane ta, katin memori mai FreeMcBoot, wanda ke tayar da OPL ɗin, kuma yana rami na 1. Ta fi USB ɗin PS2 sauri, tunda shi tsohon 1.1 ne. Amma kada ka ɗauki lissafin ƙafafun GameCube ka kai can. Ramin PS2 ƙafa 8 gare shi, jerinsu daban, kuma ta 3 tana ɗauke da wutar da ta haura bolt 7.