Amsa kan ciwon kai na kullum

Malama, kin tambayi dalilin da ya sa kanki yake ciwo kullum da yamma. A ƙauyukanmu na Jigawa, daga cikin abubuwan da kan jawo shi akwai ƙarancin shan ruwa ga mai wuni cikin rana, sai hayaƙin itacen girki da rashin isasshen barci. Wanda aka fi mantawa kuwa shi ne maganin ciwon kai shi kansa, domin shan farasitamol kwana 15 ko fiye a wata yakan mayar da ciwon na kullum. Ki je asibitin sha-ka-tafi a auna jininki, saboda hawan jini yakan ɓuya. Idan zazzaɓi da sanƙarewar wuya suka biyo baya, ki tafi asibiti nan take.