Ba soso za ka lafta mashi ba, kai yaro

Na ga saƙonka tun bayan la'asar, ina wajen gaisuwar mutuwa a Ƙofar Guga shi ya sa ban amsa ba. Wai wani malamin firamare ya zo shagonmu na ɗinkin takalmi yana kukan dunduniya, in ya tashi da asuba takun farko sai ya dafa bango, ya ce ka sa mashi soso mai laushi cikin silifas, kai kuma kana tambayata kauri nawa za ka sa, inci ɗaya ko biyu. Wallahi tambayar kanta ita ta ɓata mani rai. Duk zaman da ka yi gefena ashe idonka na kan waya ne. Mai ciwo shi zai faɗa maka inda ke mashi ciwo, amma ba shi zai koya maka aikinka ba, in ba haka ba me ya kawo shi wurinka, ai da sai ya yanki katifarshi ya cusa.

Cire takalminka yanzu, ka ɗora ƙafar bisa gwiwa, ka ja babban yatsa sama, ka shafa tafin ƙafar da ɗayan hannun. Za ka ji wata jijiya mai faɗi ta miƙe tsantsan tun daga dunduniya har gindin yatsu. Ita ke riƙe da lanƙwasar tafin ƙafa yadda tsirkiya ke riƙe da baka. In aiki ya yi mata yawa, tsayuwa wuni guda bisa siminti, ko ƙiba, ko takalmin da ya cinye, sai ta fara gajiya tana tsattsagewa kaɗan-kaɗan daidai inda ta kama ƙashin dunduniya, wajen ɓangaren ciki. Da dare mutum na kwance ƙafa ta saki jijiyar ta takure, asuba na yi ya ɗora mata nauyinshi gaba ɗaya lokaci guda, to sukar da malaminka ke ji ke nan. In ya ɗan taka sai ta lafa, in ya daɗe zaune ya miƙe ko ya wuni gaban allo ta dawo. Galibi 'yan shekara 40 zuwa 60 take kamawa, su malaman makaranta, masu gadi, masu shayi, matan da ke wuni tsaye a madafa.

To soson naka me zai yi? Satin farko zai ji daɗi ya sa maka albarka. Sati na uku soson ya mutu a tsakiya, dunduniya ta nutse ta koma ƙasa da yatsu, jijiyar ta ƙara ɗamewa, ciwon ya fi na da, sai ya zo ya tsaya bakin shago gaban mutane ya ce shagon wane ba su iya aiki ba. Sunana zai kira ba naka ba.

Yadda ake auna ƙafa da yanka fata da shafa gam ba zan tsaya gaya maka ba, in har yanzu ba ka iya wannan ba ka koma sai da fiya wata. Abin da nike so ka riƙe shi ne ƙasan takalmin ya zama mai tauri. Ka kama shi hannu biyu ka lanƙwasa, in ya naɗe a tsakiya ko ya murɗe maka ba gardama, ka aje shi, wurin yatsu kaɗai ya kamata ya lanƙwashe. Wajen dunduniya ya ɗara wajen yatsu tudu da kamar santimita 1 zuwa 2, kuma ƙafa biyun za ka ɗaga daidai ko da ɗaya ke ciwo, kar ka maida bawan Allah gurgu ka haɗa mashi da ciwon baya. Sai cikon tsakiya, wanda nan ne aikin yake. Ka sa ya jiƙa ƙafarshi ya taka bisa kwali ka ga sawun, inda bai taɓa kwalin ba nan za ka cike da kirgi hawa-hawa, kana feƙe gefen da wuƙa har ya bi ƙafar ba tudu ba gargada, ya tsaya a kai ya ji an tallabe shi amma ba a tokare shi ba. In ka cika tudun da yawa wani sabon ciwon ka saya mashi. Wurin dunduniya ka ɗan yi mashi kwarmi ya zauna ciki, nan ne kaɗai za ka sa roba 'yar siririya mai dawowa in an danna, ba soson kujera ba. Kuma dole da maɗauri a baya, don silifas mai hanci yatsu ne ke wahalar riƙe shi duk taku, wahalar kuma jijiyar nan take komawa.

Irin wannan aikin ne na yi ma wani Alhaji, har yau in na tuna sai abinci ya fita raina. Farkon 2023 ne, lokacin canjin kuɗi, kai ba ka zo ba tukun, lokacin da mutum zai kwana layin banki a ba shi dubu biyar, masu POS kuma suna yankar mutane son ransu. Ya zo da mota baƙa, direba ya buɗe mashi, yana ɗingishi da sanda, ya ce zai tafi umrar azumi kuma dunduniya ta hana shi sakat, an kai shi an ɗauki hoton ƙafar an ce wai ƙashi ya tsiro mashi. Na ce mashi Alhaji wannan ɗan tsiron mutane da yawa na da shi ba su ma sani ba, ba lallai shi ke maka ciwo ba, jijiya ce. Na zaunar da shi bisa bencina, ni da furfurata na durƙusa na kama ƙafarshi na danna wurin, ya yi ƙara har direban ya leƙo. Ya ce ƙafa uku yake so, ɗaya na harami wanda bai rufe idon sawu ba, ɗaya sau-ciki na fita, ɗaya na zaman gida. Na ce a ba ni kuɗin kaya, ya ce haba malam ka ga halin da ake ciki babu tsabar kuɗi a gari, ka yi aikin kawai ni da kai ba ta ɓaci. To mutum ya zo da carbi a hannu yana maganar Ɗakin Allah, me za ka ce mashi.

Kuɗin da na tara na buhun gero na azumi su na kwasa, tsofaffin kuɗi da sabbi, na hau mota zuwa Kano da kaina don fatar da nike so babu ita nan, na shiga Ƙofar Wambai na zaɓo fata da sol mai kyau, ana ta rigima da ni a kan wane kuɗi za a karɓa wane ba za a karɓa ba. Na dawo na ture aikin mutane gefe, har da takalman angwaye da aka ba ni. Cikon tsakiyar nan sai da na feƙe na sake feƙewa, in ya zo gwaji ya ce nan ya ɗan taɓa ni in ɓalle in sake, da hannu na ɗinke na haramin duka da basilla don na san tafiyar da ke tsakanin masauki da Harami ba wasa ba ce, ga Safa da Marwa kai da kawowa sau 7 ya kai kilomita 3. Ranar da ya sa su ya taka daga bakin shago zuwa titi ya dawo ba sanda, da bakinshi ya ce rabon da ya taka haka tun kafin sanyi.

Sai ya ciro waya ya danna-danna ya nuna mani fuskar wayar, ga sunana ga kuɗi ga alamar ya tafi, ya ce netwok ne zai shigo. Lokacin kuwa kowa ya san taransifa na kwana biyu ba ta shiga ba, sai na sa mashi kayan a leda har da addu'ar Allah ya karɓi ibada. Yaro, kuɗin nan har yau suna hanya. Na je banki na sha layi aka duba aka ce babu abin da aka turo. Na kira, ya tafi Saudiyya. Ya dawo bayan salla na je gidan, maigadi ya ce yana barci, na koma, yana Abuja, na koma, yana da baƙi. Da na samu na tare shi bakin masallaci sai ya ɗaure fuska wai takalman ba su yi mashi aikin komai ba, ciwon ya dawo, shi ne ma ya kamata ya nemi diyya. Ina duban ƙafarshi sau-cikina ne a ciki, ɗinkina ne, na san zarena. Daga baya direban ke gaya mani ai a gida ba ya sa na zaman gidan, ƙafa ba takalmi yake yawo bisa tayil, miƙa ƙafar da na nuna mashi ko sau ɗaya bai yi ba, ƙarshe ma wani ya kai shi aka yi mashi sakiya a dunduniya wurin ya ruɓe ya yi wata biyu bai taka ba, duk wannan a kaina aka ɗora. Abin da ya fi ƙona mani rai, na haramin ya ba wani yaro can wajen babbar kasuwa ya ɓalle shi ya kwaikwaya, yaron na sai da su yanzu da soso a ciki wai takalmin masu ciwon ƙafa. Azumin shekarar da bashin gero muka yi shi a gidana. Mutane na ta ce mani in kai ƙara wurin mai unguwa, na ce a'a, akwai ranar da ba direba ba maigadi, can za mu haɗu.

Shi ya sa malamin nan tun kafin ka taɓa fata ka gaya mashi gaskiya gaban shaida, takalmi rabin magani ne, sauran rabin yana hannunshi, kuma ciwon ga ba ya tafiya a sati, watanni yake ɗauka, wani har ya kusa shekara, amma mafi yawa suna warkewa ba tare da an yanka su ba. Kafin ya sauko daga gado da asuba ya sa rawani ko tawul ya zarga a gindin yatsu, gwiwa a miƙe, ya ja zuwa jikinshi ya riƙe kamar daƙiƙa 30, ya saki ya maimaita. Takalmin na nan bakin gado, ƙafar ta sauka cikinshi, ba ya taka siminti ya tafi alwala haka nan ba. Da rana ya dafa bango, mai ciwon a baya dunduniya manne da ƙasa, ya tura jikinshi gaba har ya ji sharaɓa ta ja, don in sharaɓa ta ɗaure ita ke jan dunduniyar. Da yamma ya samu gorar ruwa da ta yi ƙanƙara, in babu wuta ya saya wurin masu ƙanƙara, ya aje ƙasa ya dinga mirgina ta da tafin ƙafa kamar minti 15. A aji ya samu kujera ya riƙa zama tsakanin darasi, in da tumbi a rage tuwon dare, wannan kai ba za ka iya faɗa mashi ba yaro ne kai, ka ce ni na ce.

Maganin kashe zafi na kemis irin su ibuprofen yana taimakawa na ɗan lokaci, amma mai olsa ko ciwon ƙoda ya kiyaye shi. Sakiya da tsaga kuma ka ce na haramta mashi, haka allurar da wasu ke yi a dunduniya a bayan kanti, ko a asibiti likita ba ya yawaita ta don tana iya tsinka jijiyar ko ta cinye kitsen da ke ƙasan dunduniya. Ka tambaye shi yana da ciwon suga? In yana da shi, ko ƙafar na kumbura da zafi, ko tana mutuwa ba ya jin ta, ko faɗuwa ya yi ciwon ya fara, kar ka ɗauki awo ma, ya fara zuwa babban asibitin Tarayya da muke ce ma Medikal Santa ya ga likita da masu gashin ƙashi, in abin ya fi nan ga asibitin ƙashi na Dala a Kano. Mu dukawa ne, mun san iyakarmu, ba irin ku yaran yanzu ba da za ku kalli bidiyon minti ɗaya a TikTok ku fito kuna rubuta ma mutane magani. Mu shekarun farko zare kawai muke murzawa muna kallo, wanda ya yi tambayar banza ya sha ranƙwashi, ku kuma kuna son ku buɗe shago cikin wata shida ku sa hoto a Facebook ana ce maku oga, hannu ɗaya na shafa gam ɗaya na danna waya wai mainin.

Maganar kuɗi, na san malamin firamare ne albashin bai taka kara ya karya ba, ka rage mashi ladan hannu, wannan na yafe. Kuɗin kaya kuwa a hannu kafin ka yanka komai, in taransifa ce sai ta shigo wayata ni na gani da idona, ba hoton wayarshi ba. Ka ce ya zo ranar Asabar da yamma lokacin ƙafa ta gama buɗewa, ya taho da tsohon takalmin da ya fi sawa in ga ta inda ya cinye. Cikon tsakiyar ni zan feƙe, kai ka tsaya ka kalla, wayar kuma ka bar ta cikin aljihu.