Wasan kwamfuta na Skyrim na sarƙewa bayan saka mod

Ɗan'uwa, ka ce tun da ka loda mod (ƙarin fayil da ke sauya wasan) na manyan hotunan 4K da ke lulluɓe abubuwan cikin wasan, Skyrim ɗinka ke sarƙewa a ƙofar birnin Whiterun, kuma ƙwaƙwalwar katin hoton kwamfutarka (graphics card) 4GB ce. Nan gizo ke saƙa. Hoton 4K ɗaya na cin gurbin na 2K huɗu a ƙwaƙwalwar katin. Sauke manhajar Cathedral Assets Optimizer, wadda ke iya rage girman hotuna, ka rage su zuwa 2K. Tukwane da cokula ma 1K ya ishe su, ba mai ƙura musu ido. Ni fuskoki da sulke kawai nake bari da girmansu.

Don Allah kar ka zuba mod kai tsaye cikin Data, wato folder ɗin fayilolin wasan. Yi amfani da Mod Organizer 2, manhajar kula da mod, sannan manhajar LOOT ta jera maka su yadda za su lodu, ka riƙa ƙarawa ɗaya-ɗaya kana gwadawa.