Amsa: aikin sa kai na duba filayen da aka keɓe don kare daji

Malam, ka tambaya ko mene ne aikin ɗan sa kai mai duba filin wani da aka keɓe don kare itatuwa da namun daji, kuma ko ana yin haka a nan Legas.

A Amurka tsarin ya fi ƙarfi. Mai fili yakan ƙulla yarjejeniya da wata ƙungiya cewa ba za a yi gini ko sare dajin ba, ko da an sayar ko an gada, amma filin nasa ne. 'Yan sa kai su je akalla sau ɗaya a shekara, su bi iyaka, su ɗauki hoto daga wuraren da aka ɗauka bara, su rubuta rahoto.

Mu nan, dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, don haka lissafin ya bambanta. Mafi kusa da wancan tsari shi ne cibiyar kare daji ta Lekki Conservation Centre, hekta 78, wadda gidauniyar kare muhalli ta Nigerian Conservation Foundation (NCF) ta kafa a 1990. Fara tuntuɓarsu.

Abin da za ka sa wa ido a yankin Lekki: cike fadama da yashi, tumɓuke dutsen iyaka, tarko, da jibge shara. Ciko ya fi ɓarna a ganina, domin fadamar da aka binne ba ta dawowa, ruwan kuma gidajen mutane zai nufa.

Kada ka shiga sai da izinin mai wurin a rubuce. In ka tarar da masu sara ko 'yan omo-onile (masu iƙirarin gadon fili da ke karɓar kuɗi da ƙarfi), ban da cacar baki. Rubuta wuri da lokaci ka miƙa wa ƙungiyar. Da damina kuma ka nemi takalmin roba mai tsawo.