Amsa kan sauya suwic a ƙaramin ofis

Tambayarka ita ce ko maye gurbin tsohon suwic (na'urar da ke haɗa kwamfutocin ofis da juna ta kebul) mai gudun megabit 100 da na gigabit zai kawar da nawar da kwamfutoci 12 na ofishinku ke yi. Zai kawar da ita idan nawar tana faruwa ne wajen kwashe fayiloli tsakanin kwamfutocin da sabar ofis (babbar kwamfutar da ake ajiye fayilolin ofis a cikinta), domin gigabit ya ninka tsohon gudun sau goma, amma ba zai ƙara wa intanet sauri ba muddin layin da kuke biya bai kai megabit 100 ba. Ina ba ka shawarar ka sayi mai ramukan soka kebul 24, ba mai 16 ba, saboda firinta da na'urar Wi-Fi da kyamarori kan cinye ragowar ramukan tun kafin shekara ta zagayo.

Sharaɗi guda shi ne ka binciki kebul ɗinku kafin ka fitar da kuɗi. Gigabit yana buƙatar duka siraran wayoyi takwas da ke cikin kebul, alhali megabit 100 huɗu kawai yake amfani da su, don haka waya ɗaya da ba a matse ta da kyau a cikin kan kebul ba tana iya mayar da layin kan tsohon gudunsa. Na taɓa ganin haka a wani ofis, inda aka zargi sabon suwic har tsawon mako guda, daga baya aka gano kawunan kebul uku ne suka lalace. Kebul nau'in Cat5e ya wadatar, matuƙar tsawonsa bai wuce mita 100 ba.