Tambaya da Amsa: Ina Kamfanin Dunlop Ya Shiga?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni direban tirela ne, ina jigila tsakanin Legas da Kano. Maigidana da ya koya mini tuƙi, Allah ya jiƙansa, ba ya sa wa motarsa taya in ba Dunlop ta Ikeja ba. Kwanan baya na sayi taya mai wannan suna, sai na ga sunan wata ƙasa daban a jikinta. Gardama ta kaure a tasha. Wasu sun ce jabu aka sayar mini, wasu sun ce kamfanin ya mutu tuntuni, wani kuma ya rantse har gobe na Turawan Ingila ne. Don Allah a warware mana. *Direban tirela, daga Funtuwa.*

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa direba. Allah ya jiƙan maigidanka, kai kuma ya tsare maka hanya. Wanda ya ce kamfanin ya mutu bai yi ƙarya ba, domin uwar kamfanin da ke Birtaniya ta watse tun 1985. Wanda ya ce na Ingila ne, labarinsa ya kwana biyu. Amma ganin sunan wata ƙasa a jikin taya ba shi ke sa ta zama jabu ba. Gyara zama, zancen na da ɗan tsawo.

Mutumin da sunansa ke jikin tayarka ba bakanike ba ne, ba kuma ɗan kasuwa ba. John Boyd Dunlop likitan dabbobi ne, haifaffen Sikotland a 1840, yana aikinsa a birnin Belfast na Ayaland. A 1887 ɗansa yana da keke mai ƙafa uku, tayoyinsa daskararriyar roba ce babu iska, titunan garin kuwa duwatsu aka jera, yaro na hawa yana shan jijjiga. Sai uban ya yanko faifan katako, ya haɗa tub da fallen roba, ya hura masa iska, ya lulluɓe shi da ƙyalle mai kauri ya kafe a gefen faifan. Ya fito tsakar gida ya gangara ƙafar keken ta asali, ta ɗan taɓa tafiya ta kife. Ya gangara faifansa, sai da ya ratsa tsakar gidan ya bugi ƙofa ya yi tsalle ya dawo. A Disambar 1888 ya karɓi takardar mallakar wannan ƙirƙira.

Dariya aka yi ta yi wa wannan taya mai kumburi, har zuwa watan Mayu na 1889, ranar da wani mai tseren keke, Willie Hume, ya hau ta a wasannin kwalejin Queen's ta Belfast ya lashe duk tsere huɗun da ya shiga. Cikin waɗanda ya bari a baya har da 'ya'yan wani ɗan kasuwar Dublin mai suna Harvey du Cros. Kafin shekarar ta fita, du Cros ya kafa kamfani a Dublin don yin tayar. A ganina shi ne ya gina Dunlop, likitan suna kawai ya ba shi.

Ga dalilina. A 1890 aka gano cewa wani ɗan Sikotland, Robert William Thomson, ya riga ya yi rajistar taya mai iska tun 1845, an dai manta da ita ne saboda a zamaninsa sai keken doki. Takardar Dunlop ta tashi a banza. Da wani ne, da ya naɗe tabarmarsa ya koma gida. Du Cros kuwa sai ya shiga sayen ƙirƙirar wasu mutane da ta fi ta likitan amfani a kasuwa. Tayar farko manna ta ake yi a jikin wili, in ta yi faci an shiga uku. Wani Charles Welch ya fito da taya mai waya a bakinta da wili mai rami a tsakiya, wani William Bartlett kuma ya fito da taya mai leɓe da ke maƙale wa bakin wili. Kamfanin ya saye duka biyun.

Wannan ramin na Welch na san shi tun ina yaro, don mahaifina gyaran keke yake yi. Zai danna gefe ɗaya na tayar cikin ramin wilin da manyan yatsunsa, sai ɗaya gefen ya saki, ya zura liba ya ɓalle ta ba tare da ya ji wa tub ciwo ba. In ya gama faci sai ya zare bawul, ya duba 'yar siririyar robar nan da ke jikinsa, in ta tsage ya yanko sabuwa ya zura, ya hura iska, ya ɗiga yawu a bakin bawul ya ga ko zai yi kumfa. Irin wannan bawul na tsofaffin kekuna, har yau a Turai da sunan Dunlop ake kiransa, ko da yake wani mai suna Woods ne ya ƙirƙiro shi. Mai facin da ke cire tayar tirelarka da guduma da dogon ƙarfe, in wilin na tubles ne, da dabarar ramin nan yake aiki.

Likitan ya bar kamfanin a 1895, ya rasu a Dublin a 1921, bai tara wata dukiyar a zo a gani daga gare shi ba. A 1896 aka sayar da kamfanin fam miliyan 3, wanda ya saya kuma ya juya ya sayar wa jama'a hannun jarinsa a kan fam miliyan 5. Aiki ya ƙaura zuwa Coventry, cibiyar ƙera kekuna, daga nan zuwa Birmingham. A 1900 suka fara tayar mota. Suka buɗe masana'antu a Faransa da Jamus, suka sayi gonakin roba a ƙasar da ake kira Maleshiya yanzu, a 1917 kuma katafariyar masana'antar Fort Dunlop ta fara aiki a Birmingham. Akwai wani reshe da suka buɗe a Kobe ta Japan a 1909, ka riƙe shi a ranka, zai dawo cikin labarin.

Sun taɓa leƙa rami a 1921, lokacin da suka ƙulla cinikin roba mai yawa da tsada farashi kuma ya faɗi warwas, suka yi asarar miliyoyin fam. Wani tsohon minista, Eric Geddes, ya karɓi shugabanci a 1922 ya farfaɗo da shi. Daga nan suka bazu: katifar soso ta Dunlopillo, ƙwallon tanis da na golf, takalman ruwa, tayoyin jirgin sama. Wajen 1970 ma'aikatansu a duniya sun kai kimanin 100,000.

Abin da ya karya su abu ne da kai ka fi ni sani, wato bambancin tayar zare da tayar waya. A tsohuwar taya, zaruruwan ciki a gicciye suke, falle kan falle, suna gogar juna suna ɗaukar zafi. A 1946 kamfanin Michelin na Faransa ya yi rajistar sabon gini: zaren ya miƙe daga baki zuwa baki, sannan a ɗaura ɗamarar wayar ƙarfe a ƙarƙashin zanen. Ba ta zafi kamar waccan, ta fi daɗewa nesa ba kusa ba, mota kuma ba ta shan mai sosai. Da Dunlop ya zo yin irinta a shekarun 1960, sai ya zaɓi ɗamarar zare maimakon ta waya, don ta fi arha. Kiɗa ya canza, su ba su canza rawa yadda ya kamata ba. Kuma tayar da ke daɗewa tana rage ciniki ga kowa, ga tsadar man fetur ta 1973, ga masana'antun motocin Birtaniya da suke manyan masu sayensu suna durƙushewa. Haɗakar da suka yi da Pirelli na Italiya a 1971 ba ta haifi ɗa mai ido ba, aka raba gari a 1981. Bashi ya yi musu katutu.

To, wancan reshe na Kobe, 'yan Japan sun karɓe ragamarsa tun 1963 suka sa masa suna Sumitomo Rubber. Shi ne ya zo ya sayi masana'antun tayar Dunlop na Turai tsakanin 1983 da 1985, wani kamfanin Birtaniya mai suna BTR kuma ya haɗiye sauran a 1985 ya yi ta sayarwa gunduwa-gunduwa. Tun daga ranar sunan ya rabu hannu-hannu. Goodyear na Amurka ya riƙe shi a Turai da Arewacin Amurka daga 1999. Apollo na Indiya ya sayi na Afirka ta Kudu a 2006, a 2013 ya sayar wa Sumitomo masana'antar Ladysmith haɗe da ikon amfani da sunan a ƙasashen Afirka 32. A 2025 Goodyear ma ya sayar wa Sumitomo nasa kason a kan kimanin dala miliyan 700. Yau a mafi yawan kasuwannin duniya tayar Dunlop ta 'yan Japan ce, suna kuma yin taya a Japan da Tailan da Indonesiya da Sin da Turkiyya da Barazil da Afirka ta Kudu. In ɗaya daga cikin waɗannan ka gani a jikin tayarka, wannan kaɗai ba abin tayar da hankali ba ne. Jabu dai akwai ta a kasuwa, maganinta ka sayi taya wurin dilan da aka sani, ka karɓi rasit.

Saura ta Ikeja, wadda ita ce ke ci mini rai. An yi rajistar Dunlop a Najeriya a 1961, masana'antar da ke titin Oba Akran ta fara fitar da taya a 1963. Michelin ma yana da tasa a Fatakwal. Muna da itacen roba a Edo da Delta da Kuros Riba, matatar Warri kuma an gina mata sashen yin baƙin garin da ake cakuɗawa da roba. Kusan duk abin da taya ke buƙata Allah ya ajiye mana a gida. Dunlop ta Najeriya har ta zuba biliyoyin naira ta kafa sashen yin tayar waya ta manyan motoci, irin wadda kake buƙata. Ba a jima da buɗe shi ba, wajen 2006, aka rage harajin shigo da irin wannan taya daga kashi 40 cikin ɗari zuwa kashi 10. Masana'antar da ke kwana tana ƙona mai a janareta saboda rashin wuta, ina za ta iya gogayya da kayan da aka yi a inda wuta ba ta ɗaukewa? Michelin ya rufe a 2007, Dunlop ya daina yin taya a 2008, daga baya ya koma DN Tyre & Rubber. Dubban magidanta suka rasa abin yi. Na san masu cewa rage harajin ya sauƙaƙa wa direbobi farashi, kuma ban raina wannan hujja ba, don na san abin da taya ɗaya ke ci a aljihun mai mota. Amma arhar ba ta daɗe ba. Yanzu duk motsin da dala ta yi, sai ka ji shi a kuɗin taya, ɗanyar robarmu kuwa jirgin ruwa ke kwashe ta. Saboda haka duk wanda ya miƙo maka taya yau ya ce sabuwa ce 'yar Ikeja, kada ka sa ta a motarka.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na sayi tayoyin Beljiyam guda biyu, zanensu raɗau kamar sababbi, amma mai faci ya ce sun tsufa. Yaya taya za ta tsufa ba ta suɗe ba? *Malamar makaranta, daga Bauchi.*

Amsa: Barka kadai, Malama. Mai facinki ya san aikinsa. Roba tana bushewa ko ana hawa ko ba a hawa, rana da zafi kuma su ke gaggauta mata. Ki tsuguna ki duba gefen tayar, za ki ga haruffan DOT, a ƙarshen layin kuma lambobi huɗu, galibi cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In kin ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Wani lokaci a gefe ɗaya kawai ake buga su, sai an leƙa ta ciki. In lambobin uku ne, tayar ta girmi shekarar 2000, ba ta da wani amfani sai a yanka ta a yi takalmi. In kuma kin ga alamar an kankare wurin, ki mayar wa mai ita.

Hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya shekara huɗu take faɗa wa masu mota. Michelin kuwa cewa yake bayan shekara biyar a riƙa kai taya ana dubawa duk shekara, in ta kai goma a cire ta ko da zanenta bai taɓu ba. Da irin zafin kwaltarmu a watan Afrilu, ni na fi karkata ga lissafin hukumar.

Akwai wani abu da ya fi shekarun ma haɗari a tayar Beljiyam. Da yawansu tayoyin hunturu ne, an yi su da roba mai laushi don ƙanƙarar Turai. Alamarsu hoton tsauni mai kai uku da ɗigon ƙanƙara a cikinsa. Irin wannan a kan hanyar Bauchi zuwa Kano da tsakar rana laushi take ƙarawa, ta cinye da wuri, birki kuma ba ya kama ta yadda ya kamata. Ki nemi inda aka rubuta darajar jure zafi, A ko B ko C, ki zaɓi A, in babu ki tsaya a B. Ki bi gefen tayar da yatsa ki ji ko akwai ƙananan tsaga ko ƙullutu, ki sa a cire ta daga wili a duba cikinta ko an taɓa yi mata faci a gefe. Iska kuma da safe ake gwada ta kafin mota ta yi tafiya, a bi adadin da ke rubuce a jikin ƙofar direba, ba wanda yaron mai faci ya ƙiyasta da bugun ƙafa ba. Waɗannan biyun da kika riga kika saya, in lambarsu ta nuna sun haura shekara huɗu, ki koma wurin mai tayar da mai facin naki a gefe, ki nemi canji.