An kawo mana kwamfuta a asibiti amma ma'aikata suna jan ƙafa, yaya zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ce shugabar ma'aikatan jinya a wani asibiti a ƙasar Daura. Wata biyu ke nan da aka kawo mana manhajar adana bayanan marasa lafiya, aka yi mana bita ta kwana uku, aka ce daga yanzu komai a kwamfuta. Amma har yau sai mun cika rajista da fayil, sannan a shigar a kwamfuta in an samu sarari. Manyan nas-nas sun bar wa yara ita, likitoci suna cewa tana ci musu lokaci, layi kuma ya ƙara tsawo. Shugaban asibiti ya ce in fara raba takardar tuhuma. Ta nan zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba da ladan wannan aiki. Don Allah kada ki fara ta nan. Takardar tuhuma za ta sa a riƙa taɓa kwamfutar idan kina tsaye, kina juya baya a cika ta da abin da ya zo baki don a fita haƙƙi. Bayanin ƙarya a fayil ɗin majinyaci kuwa ya fi rashin bayanin haɗari, domin likitan da zai zo gobe zai gaskata shi.

Amsar tana cikin tambayarki. Kin ce ana cika rajista da fayil, sannan a koma kwamfuta. Wato an ninka wa mutanenki aiki, ba a ƙara musu hannu ba, ba a kuma sauke musu komai ba. Nas ɗin da ke da mata cike da benci ranar awo ta san cewa idan ba ta rubuta a rajista ba ƙarshen wata za a neme ta, idan kuma ba ta shigar a kwamfuta ba babu majinyacin da zai rasa magani yau. Ko ke ce, kin san wanda za ki fara yi. Muddin takarda da kwamfuta suna tafiya tare ba ranar rabuwa, takarda ce za ta ci gaba da yin nasara.

Wannan ba a kanku farau ba. A Amurka, asibitin Cedars-Sinai da ke Los Angeles ya dakatar da manhajar rubuta umarnin likita a farkon 2003, watanni kaɗan da fara ta, saboda likitoci sun tashi tsaye cewa tana rage musu sauri. A Ingila an ƙaddamar da gagarumin shirin mayar da bayanan asibitocin gwamnati kan kwamfuta a 2002, aka sanar da wargaza shi a 2011, kuɗin da ya laƙume ya kusa fam biliyan 10. Ga wuta, ga intanet, ga ƙwararru. Babban abin da aka zargi shirin da shi shi ne an tsara shi daga sama, ba a ja masu aikin a jiki ba.

Saboda haka ki nemi shugaban asibiti ya ba ki makonni kaɗan kafin maganar horo. Ki ɗauki kujera ki zauna a ɗakin kati da safe, ki yi shiru ki zuba ido. Za ki ga abubuwan da ba a faɗa a wajen bita. Tsohuwa ta zo daga wani ƙauyen Baure, an tambaye ta ranar haihuwa, ta ce ita dai ta san ta yi aure kafin babbar yunwa. Manhaja ta ƙi wucewa sai an sa rana da wata da shekara, mai yankan kati ya gaji ya buga 1 ga Janairu, kamar yadda ya buga wa na gabanta. Wani ya tsallako daga Nijar ta Kwangwalam, lambar wayarsa guda 8 ce, gurbin kuma yana neman 11 irin ta Nijeriya, ba shi da lambar NIN. Ga Aisha da Fatima da Hauwa'u birjik, sunan uba ɗaya, unguwa ɗaya, mace guda an buɗe mata fayil uku saboda kowa da yadda yake rubuta sunanta. Kowane irin wannan cikas minti biyu ne ko uku, amma idan aka tara su a kan mutum ɗari, shi ne layin da kike gani har bakin ƙofa. Duk waɗannan ana gyara su. Manhaja irin OpenMRS, wadda aka fara a 2004 don asibitocin ƙasashe irin namu, tana ba da damar sa kimanin shekaru idan ba a san ranar haihuwa ba. Ki rubuta abin da kika gani, ki kai wa waɗanda suka kawo muku tasu, ki ce a gyara kafin a ci gaba. Ranar da ma'aikaci ya ga ƙorafinsa ya canza wani abu a allon kwamfuta, ranar zai fara ɗaukar ta tasa.

Sai maganar manyan nas-nas, wadda ita ta fi damuna. Ki dubi matar da ta shekara ashirin da ɗoriya tana aiki, wadda idan an rasa jijiyar jariri ita ake kira. Yau an zaunar da ita gaban ɗalibai tana laluben harafi da yatsa ɗaya, yarinyar da ta koya wa allura tana nuna mata inda za ta danna. Ba za ta ce miki kunya take ji ba. Cewa za ta yi abin ba shi da amfani. Ki ware musu nasu zaman su kaɗai, a ɗakin da suke aiki, da fayil irin na marasa lafiyarsu, rabin awa kullum ya fi kwana uku a otal. Ki kuma zauna cikinsu a matsayin mai koyo. Idan suka ga ke da shugaban asibiti kuna buɗe manhajar da hannunku wajen zagaye da miƙa aiki, maganar ta zauna. Idan kuwa shugaban har yanzu cewa yake a kawo masa fayil, to shi ya kamata a fara yi wa magana, cikin ladabi.

Akwai kuma wanda ƙin nasa daban ne. Kwamfuta tana nuna maganin da ya fita da kuɗin da ya shigo da sunan wanda ya karɓa. Mai amfana da duhun da ake ciki a da ba zai yi maraba da ita ba. Irin wannan ba su da yawa, kuma sai kin kawar da uzurin gaskiya na sauran kafin ki iya gane su. A nan ne takardar tuhuma take da muhalli.

Kada ku ce duk asibiti lokaci guda. Ku zaɓi sashe ɗaya, ni da ɗakin kati zan fara domin daga nan komai ke tashi, ku sa rana, a sanar da kowa cewa daga ranar an rufe rajistar takarda a wannan sashe. Ku kauce wa Agusta zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika gadaje har ƙasa, ku kuma kauce wa Litinin. Makon farko a ƙara musu mutum, domin aiki zai yi nauyi kafin ya yi sauƙi, kuma gara ki faɗa musu haka tun da wuri. A kowane duti, har na dare, a samu mutum ɗaya daga cikinsu da hannunsa ya faɗa, wanda za a kira ba tare da jin nauyi ba. Kada a jingina komai a kan ɗan bautar ƙasa, shekara ɗaya zai yi ya tafi da iliminsa.

Ki ba su wani abu tun farko. Abin da ya fi gundurar ma'aikacin lafiya shi ne ƙidayar ƙarshen wata, a bi rajista layi-layi ana haɗa alƙaluman da za a tura DHIS2, rumbun da ƙasar nan ke tara rahoton asibitoci. Idan manhajarku za ta iya fitar da wannan rahoto da kanta, ki matsa a fara da shi.

Wuta da sabis kuma a yi musu shiri a rubuce. Wace takarda za a cika idan an ɗauke, wa zai shigar da ita bayan an dawo, cikin awa nawa. In da hali a ajiye babbar kwamfutar a cikin asibitin bisa sola, yadda aiki ba zai tsaya don intanet ta yanke ba.

Kowa da lambar sirrinsa, kada a manna ta jikin allo, kada a ara wa abokin duti. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanin lafiya cikin waɗanda ake tsananta kiyaye su, kuma a gari kamar Daura, inda mai yankan kati zai iya zama maƙwabcin majinyaci ko surukinsa, sakamakon gwaji ɗaya da ya fita yana iya kashe aure. Ki tambayi masu manhajar ko tana ajiye sunan duk wanda ya buɗe fayil da lokacin da ya buɗe, ki ce su nuna miki a gabanki, sannan ki sanar da ma'aikata cewa za a riƙa dubawa duk wata.